Yadda Kuɗin Agaji Ya Shiga Gidan Manomi

Duk wanda ya zauna da mutanen karkara ya kuma lura da al'amuransu ya san cewa yunwa ta fi samun manomi a daidai lokacin da aiki ya fi yi masa nauyi, watau daga faɗuwar ruwan shuka zuwa sa'ad da gero ya fid da kai, kwanakin da rumbu ya yi ƙasa har mai ɗiba yana jin hannunsa na taɓa gindinsa, ga ciyawa tana tsere da shuka, ga noman fari yana jira da maimai a bayansa, mudun hatsi kuwa a kasuwa ya ninka abin da aka sayar da shi da kaka. A cikin waɗannan watanni ne ake gane wanda ya tsaya da ƙafarsa da wanda ya jingina da wani, kuma a kansu ne dukan wani tsari na agaji da aka taɓa yi a ƙasar Hausa ya ginu, tun daga damin zakka har zuwa kuɗin da ake aiko wa matan ƙauye ta wayar hannu a wannan zamani.

A zamanin da, kafin zuwan Turawa, agajin mabukaci hatsi ne, domin hatsi shi ne dukiyar da kowa ya sani. Shari'a ta wajabta ushiri a kan abin da ruwan sama ya shayar matuƙar ya kai nisabi, mutanenmu kuwa suka sauƙaƙa lissafin, idan an ɗaure dammuna a gona sai a ware ɗaya daga kowane goma, wani a kai wa malami, wani a bai wa gajiyayye da gwauruwa, wani kuma ya tafi rumbun hukuma, kamar yadda aka tsara a daular Usmaniyya. Bayan wannan akwai gandu, inda uba da 'ya'yansa da ƙannensa suke noma wuri ɗaya su ci daga tukunya ɗaya, akwai gayya, akwai biki da gudummawa, akwai kuma rumbun tsimi na masu hali, wanda ba a fasa shi sai shekara ta ɓaci. Ba na cikin masu zana wannan zamani kamar aljanna, gama an yi yaƙe-yaƙe, an yi bauta, an kuma yi fari wanda ya fi ƙarfin kowane rumbu har mutane suka watse. Amma dai ƙa'idar a bayyane take, cewa wanda ya rasa yana da hakki sananne a kan wanda ya samu, kuma hakkin nan ana auna shi da dami da mudu. Fuƙaha'u ma sun tattauna mas'alar tun da daɗewa, ko ya halatta a fitar da ƙimar abu maimakon ainihinsa: mashhurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne a fitar daga jinsin abin da aka noma, Imamu Abu Hanifa kuwa ya yarda a ba da ƙima idan ta fi zama maslaha ga miskini. Abin sha'awa ne a ga cewa wannan saɓani, bayan ƙarnuka masu yawa, shi ne ya sake tashi a ofisoshin ƙungiyoyin agaji, tsakanin masu cewa a kai buhu da masu cewa a ba da kuɗi, alhali mafi yawansu ba su taɓa jin sunan ɗaya daga cikin limaman nan biyu ba.

Su kuwa kuɗi irin na hukuma, farkon shigarsu gidan manomi ba da sunan kyauta suka shiga ba. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ba a daɗe ba aka haɗe kuɗin ƙasa da sauran abubuwan da ake karɓa aka mai da su haraji guda, aka ce kuma ba a son wuri ko dami, sai tsabar kuɗin Bature. Aka sanya lokacin karɓa ya zama bayan girbi, watau sa'ad da kowa yake da hatsi kuma ba mai bukatar saye, saboda haka ala tilas talaka ya kai kasuwa ya sayar da araha don ya sallami dagaci. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, gonakin da a da gero da dawa ke cikinsu suka fara komawa na gyaɗa; sai ga damanar 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar nan da tsofaffi suka riƙa kira Kakalaba, wadda ta halaka jama'a masu ɗimbin yawa daga ƙasar Kano har zuwa Adar da Damargu, abin da hukuma ta kawo na agaji bai taka kara ya karya ba, haraji kuwa ba a daina nemansa ba.

Daga nan ne wata irin sarƙa ta ɗaure ƙaramin manomi, wadda ya wajaba a fahimce ta sosai, domin wanda bai gane ta ba ba zai gane abin da 'yan kuɗi kaɗan suke iya yi a gidan talaka ba. Mutum ya sayar da hatsinsa da kaka ya biya haraji da bashin bara, ya yi wa iyali tufafi, watakila ya aurar da 'ya. Kafin bazara ta ƙare rumbu ya yi sauƙi, sai ya tafi cin rani, ya dawo da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Ruwa ya sauka, ya yi shuka, sa'an nan abinci ya yanke. A nan hanya biyu ce gare shi, kuma kowacce ramin gobe take haƙa masa. Ko dai ya je wurin mai hali ya karɓi kuɗi ko hatsi bisa sharaɗin zai biya da dami idan kaka ta yi, a kan farashin da mai bayarwa ya yanka, ko kuwa ya ɗauki fartanyarsa da sassafe ya tafi ƙodago a gonar wani don ya samo abin da za a ɗora a murhu da yamma, tasa gonar kuwa ciyawa ta ci rabinta kafin ya waiwaye ta. Kaka ta zo ya girbe kaɗan, mai bashi ya ɗebe nasa tun a masussuka, shekara mai zuwa rumbun ya riga na bara ƙarewa, daga ƙarshe a jinginar da gona. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta rubuta littafi a kan wannan, inda ta nuna cewa a ƙauye guda akwai mutanen da talauci ya hana su noma, ba ƙyuya ba, ba kuma rashin gona kaɗai ba. An soke harajin daga baya, a Nijar a zamanin Saini Kunce, a jihohin Kano da Kaduna kuma a 1979, amma sarƙar ta riga ta kama, bukatun kuɗi na magani da taki da makaranta suka maye gurbinsa.

Hukumomi kuwa sun daɗe ba su san wani magani ba sai hatsi. Bayan yunwar 1931, wadda fara ta haddasa a yammacin Nijar, Faransawa suka tsananta dokar rumbunan ajiya, kowane magidanci ya zuba wani kaso na amfaninsa a rumbun da ba shi da ikon buɗewa sai da izini, abin da talakawa suka ƙi jininsa ƙwarai, gama sau da yawa hatsin yakan lalace ko ya bi ta hannun da bai kamata ba. Bayan samun mulkin kai aka kafa hukumar hatsi ta OPVN a 1970, sa'an nan babban farin 1973 ya zo, jiragen ruwa da manyan motoci suka yi ta jigilar dawa da masara daga Amurka da Turai, wasu buhunan suka isa bayan an binne waɗanda aka aiko dominsu, wasu kuma aka gan su ana sayarwa a kasuwa. Zargin nan yana cikin hujjojin da sojoji suka kafa sa'ad da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. Haka aka sake yi a 1984, shekarar da Nijeriya ta rufe iyakokinta, 'yan cin rani suka rasa mafita, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan shugaban Nijeriya na lokacin.

Shekarar da ta sauya tunanin masu agaji ita ce 2005. An yi fara da ƙarancin ruwa a Nijar a damanar da ta gabata, amma gibin hatsi bai kai na 1973 ko na 1984 ba. Duk da haka farashi ya yi ta hawa har buhun gero ya doshi jaka 30 ta kuɗin sefa a wasu kasuwanni, farashin dabbobi kuwa ya faɗi, ta yadda akuyar da a da take sayen abincin mako biyu ta koma ba ta sayen na 'yan kwanaki. Abin da ya fi ɗaure wa baƙi kai shi ne inda tamowa ta fi kama yara, watau jihohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda su ne rumbun ƙasar. Likitocin ƙungiyar MSF suka yi jinyar dubun-dubatar yara, alhali a kasuwar Maraɗi buhuna suna jibge, 'yan kasuwa suna loda motoci zuwa inda farashi ya fi tsoka. A ƙauyuka mata suka koma ga tafasa da jiga da dusa, suka riƙa tsinko 'ya'yan anza suna jiƙawa kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake wani har ɗacin ya fita, wasu ma suka haƙa gidajen tururuwa don 'yan ƙwayoyin da ke ciki. Gwamnatin Tanja Mamadu ta ƙi yarda a kira abin yunwa, ta tsaya a kan sayar da hatsi da rangwame, ba a fara rabon kyauta sosai ba sai da damina ta yi nisa. Wani masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya riga ya kafa hujja tun 1981 cewa mutane suna iya mutuwa da yunwa a gaban shago cike da abinci idan ba su da abin saye. Abin da ya faru a Maraɗi ya zama shaida a kan zancensa. Daga nan aka fara tambaya: idan hatsi yana kasuwar garin, mene ne amfanin a ɗauko wani daga bayan teku ya yi wata huɗu a hanya?

A ƙarshen 2005 ƙungiyar Red Cross ta raba tsabar kuɗi ga gidaje a yankin Tanut, a 2008 Save the Children ta gwada irinsa a Tasawa, amma gwajin da ya fi shahara shi ne na jihar Tawa a 2010, shekarar da aka sake yin fari, sojojin Salu Jibo kuma da suka karɓi mulki suka fito fili suka ce akwai yunwa. Ƙungiyar Concern ta ba gidaje wajen 10,000 kimanin jaka 22 kowane wata har wata biyar, a daidai kwanakin ƙunci, kuma mata aka damƙa wa. A wasu ƙauyuka ana zuwa da kuɗin a ambulan, a tara mata a wani gari su yi layi cikin rana a kira suna. A wasu kuwa aka ba kowace mace wayar hannu, kuɗin ya riƙa shigowa ta hanyar Zap, wadda kamfanin Zain yake gudanarwa a lokacin. Mafi yawan matan ba su iya karatun boko ba, sai aka koya musu gane alamar saƙon da lambobin sirri, mace ta ji wayar ta yi ƙara a cikin ƙullin zaninta, ta san abin ya iso, ta tafi wurin wakilin kamfani ranar da ta ga dama ba tare da duk gari ya sani ba. Masu binciken da suka bi sawun aikin, a ƙarƙashin jagorancin Jenny Aker, sun samu cewa gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, wake da mai sun ƙaru a tukunya, yaransu sun sami ƙarin abinci a yini, kuma an fi shuka kuɓewa da gujiya, waɗanda amfanin gona ne na mata. Kuɗin ɗaya ne a ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne lokacin da aka tsirar daga tafiya da layi a tsakiyar aikin gona, da kuma sirrin da ya ba mace damar yin shawara da mijinta kafin masu roƙo da masu bin bashi su cika zaure.

A 2011 gwamnatin Nijar, da tallafin dala miliyan 70 daga Bankin Duniya, ta kafa shiri mai ɗorewa a jihohin Dosso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram, inda aka riƙa ba gida jaka 10 kowane wata har shekara biyu, galibi a hannun uwargida. Jaka 10 ba dukiya ba ce, ba ta sayen buhun gero ko da kaka a yawancin shekaru, kuma masu sukar shirin sun yi ta cewa za a cinye ta a goro da biki, maza su daina noma. Ba haka aka gani ba. Falalar kuɗin tana cikin tabbacin zuwansu: macen da ta san wata mai kamawa akwai abin da zai shigo tana iya shiga adashi ba ta jin tsoron kunya ranar zubi, idan kwasarta ta zo ta sayi akuya, akuya ta haihu, ta sayar da ɗan bunsuru ta sayi gyaɗa ta fara ƙuli-ƙuli da mai, maigida kuwa, da yake akwai tiya biyu ko uku a ɗaki, ya wuni a gonarsa ranar da ya kamata a yi mata noma maimakon gonar wani. Binciken da aka yi shekara ɗaya da rabi bayan an daina biyan rukunin farko ya nuna dabbobin gidajen sun ƙaru kuma adashin bai mutu ba. Daga baya aka ƙara wa wasu mata jari na jaka 80 a dunƙule tare da horo a kan sana'a, sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ribar ta zarce abin da aka kashe.

Amma wanda ya tsaya a nan ya faɗi rabin labari. Kuɗin nan ba fili suka tarar ba, sun faɗo ne cikin al'umma mai tsohuwar ƙa'ida game da wanda ya cancanta da wanda ke da hakki a kan wani. Masu agaji suna zuwa da takardar tambayoyi, rufin ɗakinka na mene ne, awaki nawa gare ka, ko kuwa su sa a kafa kwamiti ya kasa gari kashi huɗu daga matalauta ƙwarai zuwa masu hali, sa'an nan a zaɓi gida talatin a bar saba'in, alhali a idon mutanen garin bambancin da ke tsakanin na talatin da na talatin da ɗaya bai wuce kaza guda ba. Masanan cibiyar LASDEL ta Yamai, tare da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun zauna a ƙauyuka sun rubuta abin da suka gani bayan motar masu rabo ta tashi: a wani wuri mai gari ya sa a tattaro kuɗin a sake raba wa kowa daidai, a wani wuri a cire wani kaso a ba waɗanda sunansu bai fito ba, a ko'ina kuma zargi ya yi yawa cewa dangin mai gari da 'yan jam'iyyarsa ne suka cika takarda. Sun kuma ga cewa mata da yawa suna miƙa kuɗin ga mazajensu da zarar sun koma gida. Baƙo yana iya ɗaukar wannan ƙwace, wani lokaci kuma ƙwacen ne. Sai dai a tuna cewa ciyarwa wajibi ce a wuyan miji bisa shari'a da al'ada, saboda haka kuɗin da aka ce na abinci ne, a fahimtar matar kanta, nauyinsa ne aka rage masa, ita kuwa abin da take tsarewa shi ne akuyarta da adashinta da amfanin gayaunarta. Game da sake rabo kuma, ra'ayina shi ne matar da ta ɗebi wani abu daga jakarta goma ta ba maƙwabciya ba wauta ta yi ba, gama ta san shiri na shekara biyu ne, maƙwabtaka kuwa har kabari. Abin ƙi shi ne inda mai iko ya fake da wannan kyakkyawar ɗabi'a ya yanki rabonsa.

Akwai kuma sharaɗin kasuwa, wanda ba a tsallake shi. A 2011 Hukumar Abinci ta Duniya ta gwada hanyoyin biyu a yankin Mirya na jihar Damagaram, wasu ƙauyuka hatsi da wake da mai, wasu kuɗi daidai ƙimarsu; aka tarar masu karɓar abinci sun fi cin abinci mai gina jiki, masu kuɗi kuwa sun sayi hatsi da yawa sun ajiye, sun biya bashi, sun kuma kashe a kan aikin gona, kuma da aka tambaye su, da yawa sun ce sun fi son buhun, saboda buhu ba ya raguwa idan farashi ya tashi. Manomin da ya faɗi haka ya fi masu lissafin sanin watan Yuli.

A ɓangaren Nijeriya an bi wannan hanya daga baya. A jihohin Jigawa da Zamfara an yi shirin da ya riƙa ba mata masu juna biyu naira 3,500 a wata har yaro ya cika shekara biyu, aka kuma samu raguwar tsumburewar yara a ƙauyukan da ya shafa. Gwamnatin tarayya ta fara nata a 2016, naira 5,000 a wata ga gida, aka zuba masa dala miliyan 322 daga kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta mayar. Sai dai adadin ya tsaya wuri ɗaya shekara da shekaru yayin da farashin hatsi yake ninkawa, har abin da a farko yake sayen mudu masu yawa ya koma na 'yan kwanaki, biyan ma yakan yanke wata da watanni ba bayani, wanda hakan ya rushe tabbacin nan da shi ne ruhin al'amarin, domin ba mai shiga adashi da kuɗin da bai san ranar zuwansu ba. A Nijar kuwa, da yake mafi yawan kuɗin daga waje suke fitowa, juyin mulkin watan Yuli na 2023 ya sa Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi na wani lokaci, a daidai tsakiyar damina, sa'ad da ake maimai kuma rumbuna suka riga suka yi ƙasa.